Ɗalibaina sun cika takarda da jini, amma ba wanda ya ji tsoro

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni malamar Hausa ce a wata makarantar kwana ta 'yan mata a jihar Katsina. Shekara biyu ke nan ina kula da ƙungiyar marubuta ta makarantar, muna zama duk Alhamis bayan la'asar. Yara 23 ne, 'yan shekara 14 zuwa 17. A wannan zangon su da kansu suka roƙe ni mu yi labarin ban tsoro. Na amince, na ba su mako biyu. Abin da suka kawo min ya kashe min jiki. Kusan kowace ta buɗe da gidan bene a tsakiyar daji da wani mutum mai dogayen haƙora yana shan jini. A shafi na biyu an fille kai, a na uku an ƙwaƙule ido, a ƙarshe kuma "sai na farka, ashe mafarki nake yi". Da aka karanta a aji, dariya aka yi ta yi har da riƙe ciki. Wadda aka fi yi wa dariya ta daina zuwa.

Akwai abu biyu da suka ƙara damuna. Wani uba ya ga littafin 'yarsa ranar ziyara, ya kai ƙara wurin shugabar makaranta cewa ina koya wa yara labarin aljanu da mayu. Sannan wata yarinya mai shiru-shiru ta rubuta shafi ɗaya kacal: dare, ƙarar babura daga nesa, uwa tana toshe bakin jaririnta a cikin gonar dawa. Babu aljani ko ɗaya a ciki, amma ranar da na karanta shi ban runtsa ba. Na san garin da ta fito. Ban karanta shi a aji ba, ita ma ban ce mata komai ba tukuna.

In bar darasin ne gaba ɗaya? In ba haka ba, ta yaya ake koya wa yaro ya rubuta abin da zai tsorata mai karatu?

Malama, daga jihar Katsina

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan zama na Alhamis da ba wanda ya tilasta miki. Kada ki bar darasin. Yaran da suka zo da ƙafarsu suka ce a koya musu wani abu, ba a mayar da su hannu rabbana.

Bari mu fara da dariyar nan, domin ita ce ta gaya miki inda ciwon yake. Yaranki sun rubuta tsoron aro ne. Gidan bene a tsakiyar daji da mai shan jini, a waya suka gan su, a finafinan da aka yi wa mutanen wata ƙasa, masu irin nasu gidajen da irin nasu daren. Babu wadda ta taɓa kwana a irin wannan gida, ba ta san ƙarar ƙofarsa ba, ba ta san warinsa ba. To me za ta rubuta in ban da abin da ido ya ɗauka a gurguje, wato jini da haƙora? Kayan aro ba ya rufe katara. Masu sauraro kuma sun gane aro ne, shi ya sa suka yi dariya. Da labarin ya taɓa wani abu da suka sani a jikinsu, da shiru kika ji.

Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. A wajen marubuci kuwa, tsoron da ya fi kama mai karatu na gida ne: tsakar gidan da ya sani, randar da yake sha, muryar da ya saba ji. Aikinki na farko shi ne ki koro yaran nan su dawo gida.

Ni a wurin kakata na fara ganin yadda ake wannan aiki, tun ban san sunansa rubutu ba. Bayan isha'i take shimfiɗa tabarma, aci-balbal na gefe yana hayaƙi, ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta. Akwai wata tatsuniya da take yi mana ta yarinyar da yayanta ya ajiye a wani ɗaki a bakin daji. In zai tafi farauta sai ta kulle, ba ta buɗe wa kowa sai ta ji waƙar da yake yi mata. Dodo ya laɓe ya haddace waƙar. Daren farko ya zo ya rera da ƙatuwar muryarsa, yarinya ta ce wannan ba yayana ba ne. Ya tafi wurin maƙeri a gyara masa murya. Dare na biyu muryar ta ɗan yi laushi, yarinya ta tashi ta kama hanyar ƙofa, sannan ta tsaya ta koma. Dare na uku kakata sai ta sauke muryarta ƙasa-ƙasa, ta rera waƙar daidai yadda ta rera ta a bakin yayan, ba bambanci ko kaɗan. A nan ne muke maƙale juna, wani ya ce kada ki buɗe, wata ta cusa kai cikin zanenta.

Ki lura da abin da tsohuwar nan ta yi. Tun daga farko har ƙarshe ba ta taɓa gaya mana kamannin Dodo ba. Da za a tara mu a ce kowa ya zana shi, da Dodo goma aka samu, kowa da nasa, kowa kuma nasa ya fi ba shi tsoro domin shi ya ƙera abinsa. Ana cewa gani ya kori ji. A irin wannan labari gani yakan kori tsoron ma. Da zarar ka nuna wa mai karatu abin dalla-dalla, ka ƙirga masa haƙora da farata, ya san iyakarsa, hankalinsa ya kwanta. Sannan ta ba mu doka tun da wuri: kada a buɗe sai an ji waƙa. Ta kuma sa mun san abin da yarinyar ba ta sani ba, mun ga Dodo a maƙera ita ba ta gan shi ba. Abin ya zo sau uku, kowane zuwa ya fi na baya matsowa. Kuma abin da ya fi komai daɗi a rayuwar yarinyar, muryar yayanta, shi ne ya zama tarko. Duk darasin da kike nema yana cikin wannan tatsuniya ɗaya, kuma na tabbata akwai ire-irenta a kan yaranki.

Ko labarin Bayajidda da suke karantawa a aji haka gininsa yake. Macijin rijiyar Kusugu a Daura bai zauna a wani tsauni mai nisa ba, ya zauna ne a inda kowane gida ke buƙata kullum, ya kuma kafa doka: ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ki tambayi yaran: yarinyar da ƙaninta ke kwance da zazzaɓi ranar Talata, randa kuma ta ƙafe, me za ta yi? Wannan tambayar kaɗai labari ce.

In kina son tatsuniyoyi a rubuce, akwai su. Tun tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga tarin tatsuniyoyin Hausa juzu'i uku, a 1913 kuma R. S. Rattray ya fitar da waɗanda wani Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da yau ake kira Ghana. Daga baya marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya na Jami'ar Bayero ya tattara wasu domin 'yan makaranta. Amma ni na fi son ki fara da na baki. Ranar ziyara ko lokacin hutu, kowace yarinya ta zauna da kaka ko goggo ko wata tsohuwar unguwa, ta dawo da tatsuniya ɗaya da ta taɓa hana ta barci, da camfi biyar.

Camfin nan kada ki raina shi, iri ne na shuka. Kada a zuba ruwan zafi a ƙasa da dare ba bismillah. Kada a yi fito da dare. Kada a yi shara da dare. In ka ji an kira sunanka cikin duhu kada ka yi saurin amsawa. Kada a zauna ƙarƙashin tsamiya da tsakar rana. Kada a ratsa juji ko kango da almuru. Kowanne doka ce da ba a faɗi dalilinta ba, labarin ban tsoro kuwa daga nan yake tsirowa: wani ya karya dokar, bisa uzurin da mai karatu zai ce ni ma da haka zan yi. Ki rubuta camfe-camfen a allo, kowace ta zaɓi ɗaya, ta amsa tambaya biyu kafin ta ɗora biro a takarda. Wa ya karya? Me ya tilasta masa? In amsar ita ce "taurin kai ne kawai", ki ce ta sake tunani. Mai karatu ba ya jin tsoro don wawa. Yana ji ne don yarinyar da ta tace taliya da sauri saboda uwarta na naƙuda a ɗaki, ta watsa ruwan zafin a bayan madafa, sai ta ji wani siririn kuka daga inda ba kowa.

Yanzu bari in nuna miki abin a aikace, domin yara sun fi gane misali. Na san irin jimlar da suka kawo miki: "Sai ga wani mugun aljani mai ban tsoro ƙwarai, idanunsa jajur kamar garwashi, jini na zuba daga bakinsa, na ji tsoro sosai." Ki karanta musu wannan, sannan ki karanta musu irin wannan:

"Aikin Hanne ne a gidansu ta tattara takalma bayan isha'i, ta jera su a gindin bango don kada akuya ta tauna. Su bakwai ne a gidan. Ranar Talata ta jera na mutum takwas. Ta sake ƙirgawa da yatsa: na Baba, na Inna, na Goggo, nata, na ƙannenta uku. Sai wasu 'yan silifa shuɗaye, irin na yaro ɗan shekara huɗu. Ta ɗaga su. A jiƙe suke sharkaf. Wata biyar ke nan ba a yi ruwa ba.

Ta kai wa Inna. Inna na ninke sallaya, ta dube su, ba ta karɓa ba. Ta ce, 'Mayar da su inda kika gan su.' Ba ta tambayi na waye ba."

Ki tsaya a nan, ki dubi fuskokinsu. Sannan ki tambaye su a ina gabansu ya faɗi. Wasu za su ce wurin jiƙewar takalman. Masu kaifin kunne za su ce wurin da Inna ba ta yi tambaya ba, domin a nan ne aka gane babba a gidan ya san wani abu kuma ba zai faɗa ba. Ga yaro babu abin da ya kai wannan nauyi. Ba a ambaci aljani ba, ba a zubar da jini ba, kalmar tsoro ma ba ta fito ba. Abu ɗaya tak aka gusar daga mazauninsa a cikin gidan da kowa ya sani. Daga nan ki bar musu ci gaban. Daren Laraba a ina Hanne za ta tarar da takalman? In wata ta ce a ƙofar ɗakinsu, madalla. Daren Alhamis fa? In wata ta ce a ƙofar ɗakin dai, amma hancinsu na kallon ciki kamar mai su ya tuɓe ya shiga, to wannan yarinyar ta kama hanya, ki sa mata ido. Ki bar su su yi gardama a kan takalman na waye, da abin da ya sa aka cike tsohuwar rijiyar gidan tun kafin a haifi Hanne.

Don su saba da wannan, ki ɗora musu takunkumi na zango ɗaya. Labari kada ya wuce shafi biyu. Ya faru a wurin da marubuciyar ta taɓa kwana ko take bi kullum. An haramta kalmomi huɗu: tsoro, jini, aljani, mugu. Za su yi ƙorafi, amma in aka toshe musu hanya mai sauƙi dole su nemi wata, a nan ne za su fara amfani da kunne da hanci da fata. Dare a ƙasar Hausa ai da kunne ake saninsa. Kukan gyare da ya tsaya cak. Karnukan unguwa da suka yi haushi tare suka yi shiru tare. Ƙarar guga a rijiya ƙarfe biyu na dare. Luguden taɓarya daga gidan da aka san taɓarya ɗaya ce a cikinsa. Harshenmu kuma ya wadata da kalmomin da ke ɗauke da sauti da motsi a cikinsu: tsit, ƙiris, sululu, tim, wuf, dunɗum. Ki nuna musu cewa guda ɗaya a inda ya dace ta fi goma a jere. "Kyauren ya buɗe sululu" ya isa.

Haka nan batun jiki. Duk za su rubuta miki "hantar cikina ta kaɗa", "cikina ya ɗuri ruwa", "zuciyata na dukan uku-uku". Hausa ce mai kyau, sai dai an taka ta har ta yi santsi, ido na wucewa ta kanta ba ya tsayawa. Ki sa kowace ta tuna wani lokaci da ta razana da gaske a kan ƙaramin abu, kunama a cikin takalmi ko maciji a bayan randa, ta faɗi abin da jikinta ya yi. In mutum ya firgita, jiki na sakin wani sinadari mai suna adiranalin, zuciya ta ƙara sauri, baki ya bushe, tafin hannu ya yi gumi, tsikar jiki ta tashi. Amma kowa da yadda abin ke zo masa. Wata za ta ce ta kasa haɗiye yawu. Wata za ta ce ta ga kanta tana ƙirga azarar ɗaki. Wata za ta ce addu'ar da ta haddace tun tana aji ɗaya ta ɓace mata, ta yi ta maimaita farkonta. Wannan na ƙarshen kaɗai ya fi duk garwashin idon aljani.

Tsawon jimla ma makami ne. Lokacin da komai ke lafiya a bar jimla ta miƙe, ta yi yawo, mai karatu ya saki jiki. In abin ya matso a gajarta. Wannan ba ya koyuwa da bayani, sai da karatu a bayyane: ki sa marubuciya ta karanta nata da bakinta, inda numfashinta ya sarƙe ko inda masu sauraro suka fara motsi, nan ne gyara yake.

Maganar "ashe mafarki nake yi" kuwa, ki hana ta baki ɗaya. Cin amanar mai karatu ne, an sa shi ya ɗauki kaya an kai shi nesa sannan a ce masa babu komai a cikin buhun. Yara na yin haka ne don ba su san yadda ake fita daga labari ba, wani lokaci kuma don su ma sun tsorata da abin da suka tono. Ki nuna musu cewa ba dole ba ne a kashe abin, ba dole ba ne a bayyana shi. Hanne na iya tsira, gari ya waye, a yi sallah, a sha koko, komai ya koma daidai. Da daddare ta jera takalma ta ƙirga, na mutum shida.

Yarinyar da aka yi wa dariya ta daina zuwa, ki neme ta da kanki, kada ki aika. Ki gaya mata laifin na tsarin zaman ne, kuma an canza shi. Daga yanzu in an gama karanta labari, abu biyu kawai mai sauraro zai faɗa: inda ya ji numfashinsa ya tsaya, da inda hankalinsa ya tafi wani wuri. Ke ma ki ajiye jan biro a karon farko. Ƙa'idar rubutu da ƙugiyar ɗ da ƙ suna da ranarsu, amma yarinyar da ta miƙo miki abin da ke razana ta, ta karɓi takarda ja-wur da gyara, ba za ta sake miƙowa ba.

Sai uban da ya kai ƙara. Kada ki ɗauke shi abokin gaba. Uban da ke buɗe littafin 'yarsa ya karanta, irinsa muke nema. Ki roƙi shugabar makaranta ta haɗa ku, ki gaishe shi da girmamawa, ki fara da cewa yana da gaskiya da ya tambaya. Sannan ki nuna masa abin da kuke yi. Samuwar aljanu ba ke kika ƙago ta ba, sura ta 72 a Alƙur'ani sunansu take ɗauke da shi, kuma ya tabbata a hadisi cewa a tsare yara a gida lokacin shigowar dare. Tatsuniyar Dodo shi ma da ita aka raine shi. Abin da ya kamata ki ba shi shi ne iyakokin da kika gindaya, kuma ki gindaya su da gaske: ba a wasa da ayoyi ko sunayen Allah, ba a rubuta yadda ake tsafi daki-daki, ba a mai da boka gwarzon da ya ceci kowa. In bayan haka ya ce bai yarda ba, 'yarsa ce. Ki ba ta wani jigon ta rubuta, ta ci gaba da zama a ƙungiya ba tare da an nuna ta da yatsa ba.

A kan mayu kuwa, ina bayan uban, ko da dalilinmu ya bambanta. Dodo ba shi da gida a unguwa, amma wadda ake kira mayya tana da shi. Sau da yawa tsohuwa ce, matalauciya, marar mai tsaya mata, kuma a ƙasar nan zargin maita ya sha jawo duka da kora har da kisa. Ban yarda yarinya ta koyi rubutu ta hanyar mai da tsohuwar maƙwabciya abin tsoro ba. Haka mai taɓin hankali, da zabiya, da kuturu, da gurgu. Ki gaya musu dalili ƙarara, sun isa su gane. In wata ta nace tana son labarin maita, ki ce ta rubuta shi daga bakin jikar tsohuwar, a daren da aka ji taron mutane na nufo gidan. Za ta ga inda tsoron gaskiya yake.

Akwai kuma abin da ya shafi makarantar kwana. Duk wanda ya yi aiki a irinta ya san yadda firgici ke yaɗuwa a ɗakin kwanan 'yan mata, ɗaya ta faɗi, kafin a ankara biyar sun bi ta. Don haka karatun labaran ya tsaya a aji, da rana, kina wurin. Kada a kafa labari a ɗakin kwanansu ko banɗakin makaranta, kada a sa sunan ɗaliba ko ma'aikaci. Wadda ba ta son sauraro ta fita ba tare da an tambaye ta dalili ba. Mu da aka yi wa tatsuniya da dare, muna da cinyar kaka a kusa, kuma in ta gama tana cewa ƙurunƙus, kowa ya san an rufe ƙofar, Dodo ya koma inda ya fito. Yaranki ba su da wannan cinyar a makaranta. Ki samar musu ƙurunƙus ɗinku: kafin a tashi a yi wasan kacici-kacici ko karin magana na minti goma, a yi addu'a, a fita ana hira.

Na bar maganar yarinya mai shafi ɗaya zuwa ƙarshe, alhali ita ce ta fi gaggawa. Abin da ta ba ki ba aikin aji ba ne, Malama. Amana ce. Kin ce kin san garinsu, ni ma na san jihar da kike. A Disambar 2020 aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara, a Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata kusan 300 a Jangebe ta jihar Zamfara, ban da ƙauyukan da ake shiga cikin dare waɗanda labarinsu ba ya kaiwa rediyo. A aji mai yara 23 a wannan yanki, da wuya a ce ita kaɗai ce ta san ƙarar baburan nan. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Shi ya sa kin yi daidai da ba ki karanta shi a aji ba. Kada ki karanta, kada kuma ki mai da shi misalin "ga yadda ake rubutu", duk da cewa ya fi na kowa ƙarfi, kuma ya fi ne saboda dalilin da na yi ta faɗa tun ɗazu. Ki sanar da ajin cewa labaran ƙungiya ƙagaggu ne, amma duk mai son rubuta abin da ya faru da gaske tana iya yi, ta kawo miki ke kaɗai.

Shirun da kika yi mata ne bai kamata ya ƙara tsawo ba. Yarinyar da ta buɗe irin wannan ƙofa ta ji shiru, za ta ɗauka ta yi laifi, ko kuma ba a damu ba. Ki kira ta a keɓe, a wurin da ba za a ce an kira ta ofis ba. Ki ce mata kin karanta, kin gode da ta amince miki, kuma ba wanda zai gani sai da izininta. Kada ki tambaye ta ko da gaske ne, kada ki tambayi wace ce uwar ko me ya sami jaririn. In ta yi magana ki saurara har ta gama, in ta yi shiru ki zauna da ita cikin shirun. Bayan haka ki sa ido a hankali, ke da matar da ke kula da ɗakin kwanansu: tana barci? Tana cin abinci? Tana zabura in babur ya wuce? Karatunta ya ja baya? In kin ga waɗannan sun daɗe ba sauƙi, ki gaya mata za ki nemo mata taimako, sannan ki shigo da malamar ba da shawara da iyayenta, a kai ga likita. Akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato, kuma ki bayyana wa iyayen cewa zuwa can ba ya nufin hauka, firgicin da ya zauna a jiki ciwo ne da ake magani.

Ki saya mata sabon littafi mai shafi 40, ki ce nata ne, ba na ƙungiya ba, ba kuma za ki sa masa jan biro ba. In ta kawo miki ki karanta, in ba ta kawo ba kada ki tambaya. Ki yi wannan kafin Alhamis mai zuwa, Malama, tun kafin ki rubuta camfi ko ɗaya a allo.